Kafin Ku Haɗiyi Kafso, Ku Saurari Maganar Tsoho

'Ya'yana da jikokina, ku ba ni aron hankalinku. Yanzu ku ne 'yan aike zuwa kemis, ku ne masu karanta wa iyaye takardar likita, wasunku ma sun ajiye iyali har an fara goyo. Ke nan lafiyar gida ta fara komawa hannunku. Shi ya sa nake so mu yi magana a kan wani magani guda, wanda da wuya a rasa ɓarensa a cikin jakar uwar gida ko a kan taga, wato amoksisilin. A jikin kwali za ku ga an rubuta Amoxicillin ko Amoxil. Magani ne mai albarka, mai araha, ya ceci yaran da Allah kaɗai ya san adadinsu. Abin da ke damuna shi ne yadda muke shan sa, domin da hannunmu muke rage masa ƙarfi.

Asalinsa daga dangin fenisilin yake. A 1928 wani masani ɗan Sikotilan, Alexander Fleming, ya lura a ɗakin bincikensa da ke asibitin St Mary's a Landan cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin gwajinsa ta hana ƙwayoyin bakteriya girma a kewayenta. Daga baya Howard Florey da Ernst Chain suka mayar da abin magani, wato fenisilin, a Jami'ar Oxford, su ukun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 1945. Tun a jawabinsa na karɓar kyautar Fleming ya ja kunnen duniya cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Shi kuwa amoksisilin, kamfanin Beecham na Ingila ne ya samar da shi, ya shiga kasuwa a 1972, yau kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Aikinsa guda ɗaya ne. Ƙwayar bakteriya tana da bango da ya kewaye ta, maganin yana hana ta gina bangon nan, sai ta fashe ta mutu. Saboda haka likita kan ba da shi a limoniya, da ciwon kunne mai ruwa, da wasu nau'o'in ciwon maƙogwaro, da ƙurjin haƙori, da wasu cututtukan fitsari, a kan kuma haɗa shi da wasu magunguna don kashe ƙwayar da ke kawo gyambon ciki. To amma mura ba bakteriya ke kawo ta ba, bairos ne, shi kuwa bairos ba shi da bangon da za a rushe. Haka ma yawancin tari da ciwon maƙogwaron da ke zuwa da hunturu. Mura kan yi mako guda zuwa kwana goma ta tafi da kanta, tari kan iya jan mako uku, kuma majina ta yi kauri ko ta koma kore ba shi ne shaidar bakteriya ba. Wanda ya sha kafso a rana ta biyar ya warke a ta bakwai, sai ya ce kafso ne ya yi aiki, alhali lokacin tafiyar murar ne ya yi. Zazzaɓin cizon sauro ma ba ruwansa da wannan magani, nasa daban ne, bayan an ɗiga jini an gwada.

Na san yadda ake yi a bakin kemis. Mutum ya zo da zazzaɓi, sai ya ce a haɗa masa na kuɗi kaza. A zuba masa farar ƙwaya biyu, da ja da yalo biyu, da na ƙarin jini, a ƙulle a leda. Ba na zargin kowa, na san halin da ake ciki, kuma masu kemis da dama mutanen kirki ne masu tausayin talaka. Sai dai kafso biyu ba sa warkar da ciwon bakteriya, in kuma ba bakteriya ba ne, ko ɗaya bai kamata a sha ba. Sannan launi ba suna ba ne. Magunguna mabambanta kan zo cikin kafso mai kama ɗaya, magani guda kuma kan zo da launi iri-iri gwargwadon kamfanin da ya yi shi. Ku riƙa tambayar sunan abin da za ku haɗiya da yawan miligiram ɗinsa, ku karanta da idonku, tunda Allah ya ba ku ilimin da iyayenmu ba su samu ba. Wanda zai ce muku wannan ciwo na bakteriya ne shi ne likita ko ma'aikacin lafiyar da ya duba ku. Ko zancen maleriya da taifot da ya zama ruwan dare, gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, kuma ƙwayar taifot a wurare da yawa ta daina jin amoksisilin.

To, in an duba ku an rubuta muku shi, nan ne nake so ku natsu. Abin da aka fi rubuta wa babba shi ne miligiram 500 sau uku a rana, amma likita na iya ƙarawa ko ragewa, ko ya mayar da shi sau biyu, gwargwadon ciwon. Sau uku a rana ma'anarsa duk bayan awa takwas. Dalili kuwa, maganin ba ya daɗewa a jiki, ƙoda na fitar da shi ta fitsari cikin 'yan awanni. In aka bar tazara mai tsawo, ƙwayoyin da suka galabaita sai su farfaɗo su ci gaba da hayayyafa. Mu kam Allah ya sauƙaƙa mana lissafi: ɗaya bayan sallar asuba wajen ƙarfe shida, ɗaya da azahar wajen ƙarfe biyu, ɗaya ƙarfe goma na dare kafin a kwanta. Ku da ba ku rabuwa da waya, ku sa ta ta riƙa tuna muku. A haɗiye shi da kofin ruwa cikakke, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Wanda aka haɗa da wani sinadari, irin su Augmentin, shi an fi so a sha da abinci don kada ya tayar da ciki. In an manta, a sha da zarar an tuna, sai fa idan lokacin na gaba ya kusa, to a bar wancan ya wuce. Ba a haɗa biyu a lokaci guda don ramuwa.

Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi zai sauka, jiki ya yi sakayau, sai zuciya ta ce ai an warke, a ajiye sauran saboda wata rana. A nan ne aka fi yin asara, an kashe maciji ba a sare kansa ba. In likita ya ce kwana biyar, a cika biyar. In ya ce bakwai, a cika bakwai. Haka kuma kada a ƙara kwanaki da kai don wai a ƙara samun lafiya, wuce ƙima ma ɓarna ce. Kuma don Allah kada ku miƙa wa maƙwabci ragowar naku don ya ce ciwonsa irin naku ne. Ciwo kan yi kama, sanadi ya bambanta. In kuɗin cikakken magani ne ya gagara, ku faɗa wa likita ko mai ba da magani gaskiya ba tare da jin kunya ba. Sau da yawa akwai na wani kamfani mai rangwame, sinadarin kuma ɗaya ne.

Maganar yara ita ta fi tsaya mini a rai. Yaro ba a auna masa magani da ido, da nauyinsa da shekarunsa ake aunawa, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli a asibiti. Na garin da ke cikin kwalba, ana zuba masa ruwan da aka tafasa ya huce, daidai layin da aka yi a jikin kwalbar, a girgiza sosai, kuma duk lokacin da za a ba yaro sai an sake girgizawa. Ku duba ƙarfinsa, domin akwai mai miligiram 125 a kowane mililita 5, akwai mai 250, ba ɗaya suke ba. A auna da ɗan kofi ko sirinjin da ya zo da shi, cokulan gida kowanne da girmansa. Da zarar an haɗa shi da ruwa kwanakinsa ƙidayayyu ne, wasu mako guda wasu mako biyu, yana nan rubuce a jikin kwalba. A sa shi a firji in da hali, in babu a ajiye shi a wuri mafi sanyi a gida, kamar gindin randa, nesa da rana da hannun yara. Abin da ya rage bayan an gama a zubar. Yanzu ma akwai ƙwayar da ke narkewa cikin ɗan ruwa ko nonon uwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fi so a yi amfani da ita a limoniyar yara, ba ta kuma bukatar firji, abin da ya dace da zafin ƙasarmu.

Ku iyaye sababbi, ku koyi ƙirga numfashin yaro mai tari yana kwance a natse. Ɗan wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, in ya kai numfashi 50 a minti guda, a kai shi asibiti a ranar. Haka ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, in ya kai 40. Ko kuka ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja iska, to asibiti za a nufa a ranar. Jariri sabon haihuwa kuwa, kada a ɗiga masa Ampiclox, ɗan uwan amoksisilin, don wai rigakafi ko don cibiya ta warke. In ya yi zazzaɓi ko ya ƙi kama nono, ba a jira gari ya waye.

Kowane magani yana da nasa nauyi. Wasu kan ji tashin zuciya ko ɗan sakin ciki, wannan kan wuce, a yawaita shan ruwa. Amma akwai alamun da ba a wasa da su. In bayan shan maganin jiki ya yi borin jini, ko leɓe da fuska da harshe suka kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya kwashi mutum, a dakatar da shi nan take a garzaya asibiti, domin irin wannan kan yi kisa cikin ƙanƙanin lokaci. Haka in fata ta fara saɓulewa, ko ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ko gudawa ta tsananta har da jini, ko da bayan an gama shan maganin ne. Duk wanda fenisilin ko danginsa ya taɓa yi wa haka, ya riƙe abin a ransa har abada, ya faɗa wa matarsa ko mijinta, ya faɗa wa kowane likita tun kafin a ɗauki biro. Ku kuma sanar da likita in akwai ciwon ƙoda, ko ana shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko methotrexate, ko allopurinol na masu ciwon gaɓoɓi. Mai juna biyu da mai shayarwa suna iya shan amoksisilin in likita ya rubuta, yana cikin waɗanda aka fi amincewa da su, amma dai a faɗa masa halin da ake ciki.

'Ya'yana mata, akwai maganar da kunya ke hana a yi, ni zan yi ta. Ba kowane ƙaiƙayi ko ruwa ba ne ciwon sanyin da kafso zai warkar. A jikin mace akwai ƙwayoyi masu amfani da ke tsare ta, yawan shan antibayotik irin amoksisilin yana kashe su, sai ƙaiƙayin ya ƙaru, ita kuma ta ƙara sayen wani kafson. Ampiclox da amoksisilin ba sa hana ɗaukar ciki, ba sa wanke mara bayan al'ada, ba kuma sa maganin ciwonta. Ku samari kuma, ciwon da aka ɗauka ta wajen saduwa yawancinsa ba da wannan magani ake warkar da shi ba, ɓoye shi da kafson kemis kan kai ga rashin haihuwa ga miji da mata. Ku je a gwada ku, a yi muku magani tare, ma'aikacin lafiya ya ga irin naku ba adadi.

In ciwo ya zo cikin watan azumi, kada ku tattara na yini guda ku shanye tsakanin buɗa-baki da sahur da ra'ayin kanku. Ku tambayi likita ko za a iya tsara muku shi sau biyu. In ba zai yiwu ba, addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, malamanku za su ƙara muku bayani.

Abin da Fleming ya ji wa tsoro ya riga ya iso. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriyar da suka bijire wa magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Ku fahimta da kyau, ƙwayar cutar ce ke sabawa da maganin, kuma ba ta zama a jikin mutum ɗaya. Tana bin hannu da ruwa da abinci ta kai ga jaririn da bai taɓa shan kafso ba. Haka kafson da ake fasawa a barbaɗa a miki, da wanda ake zuba wa kaji a ruwa ba tare da likitan dabbobi ba, duk suna ƙara wa matsalar ƙarfi. Ranar da amoksisilin ya daina aiki, sai allurai masu tsada da kwanciya asibiti, mai ƙaramin ƙarfi ne kuma zai fara ji a jikinsa.

Ku sayi magani a wurin da ke da rajista, ku bar na tire da na bayan mota da rana ta gama dafawa. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa, in akwai wurin kankarewa a jikin kwali ku kankare ku aika lambar ta waya don a tabbatar muku ba jabu ba ne. In kuma kun sha shi bisa ƙa'ida har kwana uku ba ku ga sauƙi ba, ko ciwon ya ƙaru, kada ku ƙara yawansa, kada ku canza wani da kanku. Ku ɗauki kwalin ku koma wurin wanda ya rubuta muku shi, ku gaya masa duk abin da kuka sha. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana ku.