Fasali a Kan Kayan Aro da Kwanciyar Zuciya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga fiyayyen talikai.

Bayan haka, ka sani ya kai muridi, Allah ya datar da mu da kai, ba a raina hikima saboda bakin da ta fito. An yi wani mai hikima cikin mutanen Yunan, ana ce masa Ibiktitus. Gurgu ne, ya yi bauta a birnin Rum kafin a 'yanta shi, ya mutu wajen shekara ta 135 Miladiyya. Shi ya kasa al'amura kashi biyu. Na farko abin da ke hannunka, watau nufinka da hukuncinka da sonka da ƙinka. Na biyu abin da ba ya hannunka, watau jiki da dukiya da sarauta da yabon mutane. Wanda ya rataya zuciyarsa ga na biyu ya zama bawan duk mai iya karɓe shi.

Wata rana ɓarawo ya sace masa fitilar ƙarfe. Bai yi fushi ba, sai ya ƙudura komawa ga ta yumɓu, ya ga ɓarawon ne ya yi hasara, don ya sayar da amanarsa a kan fitila.

Yaƙubu al-Kindi, masanin Bagadaza a ƙarni na 3 na Hijira, ya bi wannan hanya cikin risalarsa ta tunkuɗe baƙin ciki. Ya nuna duk abin da muka riƙe aro ne, kuma mai aro ba ya hushi in mai kaya ya karɓa. Ya buga misali da matafiya a jirgin ruwa da suka sauka wani tsibiri don biyan bukata. Waɗansu suka komo da wuri, suka sami mazauni mai yalwa. Waɗansu suka tsaya tsintar furanni da duwatsu, suka komo da nauyi, suka zauna a ƙunci, furannin suka ruɓe a hannunsu. Waɗansu suka nutsa cikin kurmi, ba su ji kiran mai jirgi ba.

To, ya ɗan'uwa, kowane dare bayan wuridinka, ɗauki abin da ya dame ka yau, ka auna shi. In na hannunka ne, gyara shi da tuba da aiki. In ba na hannunka ba ne, mai da shi ga Mai shi, ka kwanta.

Allah ya azurta mu da wadar zuci da kyakkyawan ƙarshe, amin. Tammat bi hamdillahi.