Yadda Ake Bin Sawun Ƙananan Jiragen Sama Daga Ƙasa

Jirgin sama na zamani shi da kansa yake shelar inda yake. Na'urar da ke cikinsa tana gano matsayinsa daga taurarin ɗan'adam na GPS, sannan ta watsa lambarsa da nisansa daga ƙasa da saurinsa ta zangon rediyo na megahaz 1090. Wannan tsari shi ake kira ADS-B. Dubban na'urorin karɓa, waɗanda galibinsu 'yan sa-kai suka kafa a kan rufin gidajensu, su ne ke tsintar saƙon su tura ta intanet, a zana shi a kan taswira.

To, me ya sa ƙaramin jirgi yakan ɓace daga taswirar? Da farko, saƙon a miƙe yake tafiya tamkar haske, ba ya bin lanƙwasar duniya. Ana iya jin jirgin da ya kai mita 10,000 daga nisan kilomita 400, amma wanda ke mita 300 da wuya a ji shi bayan kilomita 70, kuma tsauni guda ya isa ya tare shi. Na biyu, na'urorin karɓa sun yi ƙaranci a teku da hamada irin ta Sahara. Na uku, ba kowane ƙaramin jirgi ke da na'urar watsawa ba. Ko a Amurka, dokar 2020 a wasu sassan sararin samaniyarta kawai ta wajabta ta.

Illar wannan giɓi takan fito ranar hatsari, domin masu ceto daga wurin da aka ji jirgi na ƙarshe suke fara nema. Tun 2019 taurarin ɗan'adam suka shiga aikin sauraro, amma jirgin da ba ya watsa komai su ma ba sa jin sa.