Sauya Aji a Makarantar Lahadi: Yadda Za a Taimaki Ƙaramin Yaro

A majami'un Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa, makarantar Lahadi, wato sashen da ake koya wa yara Littafi Mai Tsarki gwargwadon shekarunsu, ta kasu aji-aji, kuma duk yaron da ya ƙara wayo sai a ciyar da shi gaba. Iyaye suna murna da hakan, amma sau da yawa ɗan shekara huɗu ko biyar yakan turje a ƙofar sabon aji, ya ƙanƙame zanen uwarsa yana kuka, har a ɗauka taurin kai ne.

Masana halayyar yara suna kiran wannan fargabar rabuwa, wato tsoron da ke kama yaro idan zai nisanci wanda ya saba da shi. Takan bayyana kafin ya cika shekara ɗaya, ta lafa wajen shekara uku, sannan ta dawo idan aka sauya masa wuri ko mai kula da shi. Likitan nan na Ingila, John Bowlby, ya nuna cewa yaro ba ya sakin jiki ya koyi sabon abu sai yana da babban da ya amince da shi a kusa, don haka babban rashinsa a ranar sauyi shi ne malamar da ta san sunansa.

Ga kuma batun harshe. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta kafu a sujadar yankin, ta yadda yaron da ke jin Tyap ko Jju ko Hyam a gida yakan fara da waƙoƙin Hausa, sannan a wasu majami'u ya tarar ana neman ya haddace aya da Turanci a aji na gaba.

Maganin fargabar rabuwa shi ne a miƙa yaro hannu da hannu. Ya kamata iyaye su sanar da shi tun da sauran mako biyu, su kai shi ya gaida sabuwar malama bayan an tashi daga sujada, ya ga bencin da zai zauna. A ranar, tsohuwar malama ce ta fi dacewa ta riƙo hannunsa ta gabatar da shi da sunansa, tare da aboki ko da ɗaya ne daga tsohon aji. Uwa kuwa ta yi masa sallama a fili, ta faɗa masa inda za ta zauna da lokacin da za ta zo ɗaukarsa, ta kuma cika alkawari, domin sulalewa a ɓoye tana ƙara masa rashin yarda. A lokacin addu'ar iyali da dare, a riƙa bitar ayar haddacewa da harshen da ya fi ji, a kuma guji duka da gori, don kada ya haɗa gidan Ubangiji da tsoro.

Yawancin yara sukan saba cikin 'yan makonni. Idan kuwa kukan ya zarce wata guda, ko ya haɗu da ciwon ciki kowace safiyar Lahadi, ko fitsarin kwance bayan ya daina, wajibi ne iyaye su zauna da malama su binciki ko ana cin zalinsa a aji, sannan su ga ma'aikacin lafiya. Yaran da rikici ya raba da ƙauyukansu sun fi kowa buƙatar haƙuri, kuma ba laifi ba ne ikilisiya ta bar irinsu a tsohon aji har hankalinsu ya kwanta.