Kafin Ku Sayi Tulun Ƙarfe

'Ya'yana, samari da 'yan matan unguwar Kilomita Biyar, labari ya iso mini cewa wasunku na son shiga sana'ar abin sha mai sanyi: zoɓo, ruwan citta, tsamiya, kunun zaƙi, kunun aya. Na yi murna ƙwarai. Sana'ar iyayenku mata ce, da ita aka biya wa da yawanku kuɗin makaranta, kuma a gari mai zafi irin Bangui ba ta rasa mai saye. Sai dai na ji kuma cewa idonku ya faɗa kan wani tulun ƙarfe da kuke gani a bidiyon waya, wanda ake murɗa famfo abin sha ya zubo yana kumfa, har wasu na shirin zuba duk ɗan abin da suka tara a kansa. Ku ɗan dakata mu yi magana tukuna.

Tulun nan asalinsa na lemo ne. Wani kamfani a Amurka mai suna Cornelius ne ya shahara da ƙera shi don masu sayar da Pepsi da Coca-Cola a gidajen abinci, kuma wanda ya fi yawa yana cin lita 19. Da kamfanonin lemo suka koma zuba ruwan lemonsu a leda cikin kwali, sai tsofaffin tuluna suka yi yawa a kasuwa da arha, masu dafa giya a gida suka kwashe su. Shi ya sa yawancin bidiyon da kuke kallo na masu giya ne. Tulun kansa ba shi da laifi, abin da aka zuba masa shi yake riƙewa. Abin da nake so ku lura da shi kawai, mai bidiyon nan wutarsa ba ta ɗaukewa, kuma akwai shagon da zai je a cika masa iska ya dawo kafin la'asar.

Don tulun ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar tukunyar iskar da ke sa lemon kwalba tsartsar harshe, da na'urar da ke rage ƙarfin iskar kafin ta shiga, da tiyo biyu, da makamai na bakin shiga da na bakin fita, da famfo. Makaman ma iri biyu ne, na tulun Pepsi daban, na tulun Coca-Cola daban, ɗaya ba ya hawa bakin ɗaya. Akwai zoben roba guda biyar a jikinsa, ko ɗaya ya tsage iskar tukunya za ta tsiyaye cikin dare ba ku sani ba. Sannan babban sharaɗi: iskar nan ba ta shiga ruwa sosai sai ruwan ya yi sanyi, wajen digiri 3 ko 4, ya kuma zauna a haka na kwanaki. In tulun ya ɗumama, kumfa kawai famfo zai tofo muku.

To, wa zai ba ku sanyin kwanaki a jere? Wutar kamfanin lantarki na ENERCA daga Boali take zuwa, kusan kilomita 100 daga nan, ana raba ta unguwa-unguwa. Tashar hasken rana ta Danzi da aka buɗe a 2023 ta rage wahala, amma kowa ya san har yanzu wuta baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar tafiyarta. In kuka ce janareta, kuɗin mai zai cinye ribar. Kayan gyara kuwa, kusan komai namu ta hanyar Duwala yake shigowa, tafiyar fiye da kilomita 1,400, ta Garwa-Bulayi da Beloko da Buwar. Kun dai tuna ƙarshen 2020, lokacin da 'yan tawaye suka tare hanyar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi makonni a kan iyaka, farashin albasa da sukari ya haura. Sana'ar da zoben roba guda zai iya tsayar da ita har sai mota ta zo daga Kamaru ba ta dace da mai ƙaramin jari ba.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi a wurina. Maƙwabtanmu masu yin bilibili, yadda suke fara aikinsu bai bambanta da yadda ake fara wani kunun zaƙin ba. A jiƙa dawa, a bar ta ta yi tsiro, tsiron ya mayar da garin hatsi ya zama zaƙi. Daga nan hanya ta rabu: mai kunu ta sanyaya ta sayar a ranar, mai bilibili ta bari yis ya ci zaƙin, ya mayar da shi barasa da iska. Yis ɗin kuwa ba sai an saya ba. Yana jikin ɓawon abarba, yana kan ludayin da ba a wanke da kyau ba, yana maƙale a cikin ƙarzar tsohuwar jarka. Kangoyar da ake tatsa daga bishiyar kwakwar manja, da safe ruwa ne mai zaƙi, ba wanda ya zuba masa komai, kafin yamma ya zama abin maye. Duk ruwan da ke da sukari, in aka bar shi cikin zafin garin nan da ke wuce digiri 30 a watannin rani, hanyar da zai bi ke nan. Su masu bilibili sana'arsu ce, sun san abin da suke nema. Ku kuma abin da za ku tsare ke nan kullum.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure zai tuna an hana jiƙa dabino ko zabibi a cikin ƙwarya da tulun da aka shafe da kwalta, saboda irin waɗannan mazubai na sa abin ya yi saurin tashi ba a ankara ba. Ya kuma tabbata a hadisi cewa ruwan jiƙon da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a bari ya wuce kwana uku. Tun wancan zamani ana kallon mazubi da lokaci.

Ga inda tulun ƙarfe ke da haɗari ga wanda bai ƙware ba. Zoɓon da ke cikin gorar roba, in ya fara tashi zai gaya muku da kansa: gorar ta yi tauri, in an buɗe ta yi huci, ƙananan kumfa na hawa, ƙamshin ya sauya. Amma wanda kuka riga kuka cusa wa iska da hannunku, ta yaya za ku gane kumfar tukunya da kumfar yis? Rufe shi cikin ƙarfe ba ya hana yis aiki, sanyi ne kawai ke rage masa hanzari. Wuta ta ɗauke kwana biyu, tulun na nan a rufe, ba ku ganin cikinsa, ku je ƙofar babban masallaci ranar Juma'a kuna zuba wa mutane. Allah Ya tsare.

Saboda haka in ni ne ku, ga inda kuɗina na farko zai tafi. Ruwa tukuna. Ko na famfon kamfanin ruwa na SODECA ne, ko na burtsatse, ko na rijiya, a tafasa shi. Rijiyoyinmu da yawa suna kusa da masai, damina kuma ba ta san iyaka ba, kun ga ambaliyar 2019. Kwalarar da ta biyo gaɓar kogin Ubangi a 2016 ma ba ta yi nisa da mu ba. Zoɓo da citta dama dafa su ake yi, matsalar tana wurin ruwan da ake ƙarawa daga baya don ya yi yawa, da ƙanƙarar da ake jefawa ciki. Kada ƙanƙarar da kuka saya ta shiga cikin abin sha, ba ku san da wane ruwa aka yi ta ba. Ta zauna a waje, ta rungumi gorunan a cikin kula.

Bayan ruwa sai babbar tukunya mai murfi, da matata mai laushi, da farin ƙyalle na tacewa wanda ba a yin komai da shi sai wannan, da mazurari, da kula mai kauri ko da ta hannu ce, in dai murfinta na kamawa. Jarkar lita 20 da aka sayar da man girki a ciki ta isa, in an wanke ta da ruwan zafi da sabulu har maiƙon ya fita. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa, roba ba ta mantawa da abin da ta sha. Bayan wanki, a zuba babban cokali ɗaya na ruwan Javel, wato bilic, cikin lita huɗu ko biyar na ruwa, a girgiza, a bari minti goma, sannan a ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce. Gorunan ruwan sha da kuke tarawa ma haka, har murafunsu. Kada ku zuba musu abu mai zafi, za su motse. Ku guji kwalaben gilashi, in abin ya tashi a cikinsu fashewa suke yi.

Wata dabara da tsofaffin masu sana'ar suka sani: kada a sa sukari sai ranar sayarwa. Zoɓo mai kauri da aka dafa ba sukari, tsaminsa na kare shi, ya fi jure jira. Da safe a ɗebi na ranar, a sirka da tafasasshen ruwa, a sa sukari, a ɗura. In za ku sa ɓawon abarba don ƙamshi, ya shiga tukunya a dafa shi tare, kada a jefa shi ɗanye bayan an sauke. Kunun aya kuwa ba shi da haƙuri ko kaɗan, sa'o'i kaɗan ba sanyi ya lalace. Ban ba ku shawarar farawa da shi ba. Ku fara da zoɓo da citta, in hannu ya faɗa ku ƙara.

Ku yi kaɗan. Lita goma gora ashirin ce ta rabin lita. In kun sayar da ashirin kafin azahar kwana bakwai a jere, ku ƙara biyar. Gara a zo a ce ya ƙare da a koma gida da saura, don sauran nan shi ne yake jarabtar mutum ya haɗa na jiya da na yau, daga nan sai duka biyun su lalace. Ku samu ɗan littafi ku rubuta kuɗin zoɓo, sukari, citta, kanumfari, gawayi, ƙanƙara, goruna, har kuɗin babur. Da yawa suna mantawa da gawayi da ƙanƙara, sai su ga kuɗi na shigowa amma jari na raguwa, su ce maita ce. Uwar kuɗi a jaka ɗaya, riba a wata. Daga ribar ake zubin adashi, kuma ranar kwasa ita ce ranar sayen abu mai tsada, ba bashi ba.

Wurin tsayawa ma jari ne. Kasuwarmu ita ce cibiyar cinikin Bangui, masu turin kura da masu babur da masu sauke kaya a kan titin Koudoukou da titin Boganda ƙishirwa ba ta barinsu. Ku tsaya wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum har a san ku. Ku koyi kiran kayanku da Sango da Faransanci, wanda ya ce karakanji da wanda ya ce bisab duk abu ɗaya suke nema. Bayan rikicin da unguwar nan ta gani tun daga 2013, duk wanda ya tako daga wata unguwa ya sayi gora a hannunku, ku karɓe shi da fuska. Azumi shi ne kakar wannan sana'a, sai dai cinikin duka yana taruwa ne cikin sa'a guda kafin magariba, don haka ku shirya ƙanƙara tun da rana. Bashi kuma, ku ba wanda kuka san gidansu, gora ɗaya, sai ya biya a ba shi ta biyu.

Ban ce har abada kada ku sayi tulun ba. In Allah Ya buɗa, kuka samu firiza mai aiki da sola wadda ba ta jiran ENERCA, kuka kuma tabbatar da inda za a riƙa cika muku iska mai tsabta irin ta abin sha, to ku gwada. Ba tukunyar gas ɗin girki ba, ba ta masu walda ba. Ku haɗa kai ku biyu ko uku ku sayi tulu ɗaya na hannu, ku sauya zoben robar duka biyar tun ranar farko, don tsofaffin na riƙe da warin lemon da suka sha. Ku cika shi da iska ku shafa ruwan sabulu a murfi da bakuna, inda kumfa ta fito nan yake yoyo. Kada Javel ya taɓa shi, yana cin wannan irin ƙarfe, ruwan zafi da kanwar wanki sun isa. Tukunyar iska a tsaye take zama, a ɗaure ta da bango, nesa da rana. Kunu ba ya shiga ciki, siririn bututun da ke janyo ruwa daga ƙasa zai toshe nan take, sai zoɓo ko citta da aka tace sau biyu. Lemo yana son matsin iska fiye da giyar da kuke gani a bidiyo, don haka tiyonku ya fi nasu tsawo, in ba haka ba rabin kofi kumfa ne. Ku rubuta ranar ɗuri a jikin tulun, kuma duk ranar da firiza ta kwana ba sanyi, ku buɗe murfin ku shinshina ku ɗanɗana kafin ku zuba wa kowa.