Amsoshin Tambayoyinku: Kaguwa a Akwatin Kifin Ruwan Gishiri

Tambayarmu daga Malam Bala ce a Agege, jihar Legas. Ya ce ya tsinci kaguwa tsakanin duwatsun akwatin gilashin da yake kiwon kifin teku. Ya bar ta, ko ya cire ta?

To Malam Bala, mun gode. Ka haska fitila da dare, lokacin fitowarta ke nan, ka dubi hannayen da take damƙa da su. In bakinsu na da faɗi kamar cokali, gansakuka take kankara, 'yar shara ka samu kyauta. Wata koriyar kaguwa ta tekun Karibiyan haka take. In kuwa bakin hannun na da tsini, baƙi, jikinta da gashi, wannan mafarauciya ce, za ta cinye maka dodon koɗi da ƙananan kifaye. Don kama ta, jingina kofin gilashi da guntun jatan lande a ciki, ta faɗa, ka fitar da ita.

Wadda ka bari, a ba ta maɓoya, domin kaguwa tana saɓa, kuma jikinta laushi yake yi bayan saɓar. A ruwan akwatin kuwa, gishirin teku na musamman ake zubawa, giram 35 a kowace lita, ban da gishirin miya. Maganin kifi mai jan ƙarfe kuwa kashe kaguwa yake yi, ka duba kwalba kafin ka zuba.