PA ko NP: wace hanya yaranmu za su bi?

Iyaye, a asibitocin Amurka akwai ma'aikata biyu da ke duba majinyaci su rubuta magani: PA, wato mataimakin likita, da NP, babbar nas.

PA sai an gama digiri, sannan a yi karatun kusan wata 27 wanda ba ya barin lokacin neman kuɗi, shi ya sa da yawa ke cin bashi mai ruwa. Amfaninsa, ana iya sauya fanni, yau tiyata gobe yara.

NP kuwa nas ake fara zama, ana karɓar albashi ana ƙara karatu. Gidan da ke aika kuɗi ƙasa, yake kuma gudun kuɗin ruwa, ni wannan hanyar nake nuna masa.