Rabon Izinin Kula da Sabar: Gyara ga Wata Gurguwar Fahimta

Zuwan manyan cibiyoyi garin Azare, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ya sa harkar kwamfuta ta bunƙasa a ƙasar Katagum, har ƙananan makarantu da asibitoci masu zaman kansu suka fara mallakar sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata kuma sauran kwamfutoci ke ɗiba daga gare ta. Matsalar da ke yawan maimaituwa ita ce a miƙa wa kowa kalmar sirri ta root, asusun da ke da iko a kan komai a tsarin Linux, da hujjar cewa "ai duk 'yan gida ne".

Wannan hujja ba ta da tushe, domin ko mai amana yana iya goge fayil bisa kuskure, kuma idan mutum biyar suna shiga da suna ɗaya, kundin da sabar ke rubuta ayyuka ba zai nuna wanda ya yi ɓarnar ba. Tun a 1975 Saltzer da Schroeder suka bayyana ƙa'idar mafi ƙarancin izini, wato kada a ba mutum iko fiye da abin da aikinsa ke bukata, kamar yadda hakimi da dagaci da mai unguwa a masarautar Katagum kowa ke da iyakar hurumi.

Hanyar da ta dace ita ce kowane ma'aikaci ya mallaki asusunsa, sannan a kafa rukuni bisa nau'in aiki, kamar masu ajiye kwafin bayanai ko masu buɗe wa sababbin ɗalibai asusu, a jingina izinin ga rukunin, a rubuta umarnin da aka yarje masa a fayil ɗin izini na sudoers ta hanyar umarnin visudo.

Sai dai akwai kuskuren da ya fi ɓata rai, wanda har masu takardar shaidar ƙwarewa ke faɗawa ciki, wato zaton cewa sanya mutum a rukunin sudo na Linux ɗin Ubuntu, ko wheel na Linux ɗin Red Hat, ƙaramin izini ne. Ba haka ba ne ko kaɗan. Wanda ke cikin waɗannan rukunoni yana iya zama root a duk lokacin da ya so, haka ma ɗan rukunin Domain Admins yake da cikakken iko a tsarin Windows, don haka bai kamata su wuce mutum biyu ko uku ba.

Sakacin shugabannin ofis ma abin tsawatarwa ne, domin ɗan bautar ƙasa kan kammala shekararsa ya tafi amma asusunsa na nan a buɗe, alhali Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan jama'a a kan wanda ke riƙe da su. Wajibi ne a rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi, kuma a riƙa duba sunayen 'yan kowane rukuni duk bayan wata uku.